Kumbiya a Dajin Gidan Goga

Ranar Litinin da hantsi saƙon ya iso Faru. Mas'ud mai gangar noma yana zaune a ƙofar gida yana jan tsarkiyar gangarsa, ba don akwai gayyar da za a je ba, sai don hannunsa ya samu abin yi. Kwana tara ke nan da mutanen daji suka tare hanyar Gidan Goga suka tafi da ƙanensa Sadiƙ, wanda ya shekara ashirin yana raka shi da kazagi a gonakin mutane.

Babur ya tsaya a gabansa da mutum biyu, fuskokinsu a naɗe. Ba su kashe inji ba, ba su yi sallama ba. Unguwar ta yi tsit, har mai daka a gidan maƙwabta ta ajiye taɓarya.

"Kai ne Mas'ud mai ganga?"

"Ni ne."

Na bayan ya miƙo masa ɗan ƙullin leda. A ciki akwai memori, ƙarami kamar farce.

"An yi ma Maigida haihuwa, ran Alhamis suna. Akwai kiɗi guda cikin wanga abu, ya ji shi cikin wata waya, ya shiga rai nai. Shina so a buga mai shi da ganga, gaban baƙi. In ka buga shi yadda shike, ka komo gida da ƙanenka."

"In ban iya ba fa?"

Mutumin ya dubi hannuwan Mas'ud, na dama sannan na hagu, kamar mai duba akuya a kasuwa. Suka juya suka tafi.

A zaure ya sa memorin a wayarsa. Sarewa ce ta fara fitowa, siririya, sai wani abu mai kacau-kacau ya biyo ta, sai ganga biyu, sai muryar namiji da wani harshe da bai taɓa ji ba. Mas'ud ya shekara talatin yana kiɗa. Duk kiɗan da ya ji sau biyu, hannunsa ya ɗauke shi ke nan. Ya jawo ganga ya rataya, ya ɗaga gula ya buga. Ya faɗa gefe. Ya sake, ya sake faɗawa gefe, kamar mai saukowa daga tsani ya miƙa ƙafa ya tarar babu mataki. Kiɗan ba shi da sauri, ba shi da wani ado mai yawa, amma duk inda ya sa hannu sai ya tarar kiɗan ya riga ya wuce, ko bai iso ba.

Taibatu, matar Sadiƙ, tana tsaye bayan zana da goyo. Ta daɗe tana saurare kafin ta yi magana.

"Yaya, za ka iya?"

"Kiɗi ne fa, Taibatu. Ki shiga ciki."

Ta shiga. Shi kuwa ya zauna yana kallon tafin hannunsa yana zufa.

Washegari Talata ya shiga kasuwar Mafara, ya nufi rumfar Auwalu mai tura waƙoƙi a waya. Bai gaya masa dalili ba, don a kasuwa yanzu ba ka san kunnen wa ke kusa da kai ba. Auwalu ya toshe kunne ɗaya ya saurara, ya taɓe baki.

"Wanga ba Indiya ba ne, ba na Larabawa ba, ba na mutanen Kudu ba. Kai da ke kiɗa ma galma, mi ya haɗa ka da shi? Ko gonar Turawa anka gayyace ka?"

"Ka san shi ko ba ka san shi ba?"

"Ban san shi ba. Amma akwai wani tsoho a Dakko, ƙasar Bakura, Baba Murtala Gireda. Shi kaɗai ya taɓa zuwa nan yana neman irin wagga hayaniya, har ya ce ni jahili ne."

Bayan azahar Mas'ud ya isa Dakko. A hanya duk babur ɗin da ya ɓullo daga cikin dawa sai ya bi shi da ido har ya wuce. Ya tarar da tsohon a gindin darbejiya yana gyaran wata tsohuwar rediyo mai kaset. Suka gaisa, aka tambayi gida da iyali da damina da gajiya da mutanen Faru, aka kawo ruwa, sannan Mas'ud ya kunna wayar ya ajiye a tabarma.

Sarewar ba ta gama numfashin farko ba tsohon ya fashe da dariya, har da buga cinya.

"Kumbiya. Yaro, ina ka samo kumbiya a ƙasar Maradun?"

Ya ɗago ya ga fuskar Mas'ud, dariyar ta tsaya. Mas'ud ya matso ya faɗa masa komai a hankali. Tsohon ya kira jikarsa ya ce a kawo masa jakar kaset ɗinsa, a kuma rufe ƙofar gida.

Lokacin da ake ginin madatsar ruwan Bakolori, in ji shi, yana saurayi yana tuƙa gireda, motar share hanya. A cikin baƙin da suka zo aikin akwai wani makanike baƙar fata daga ƙasar Kolambiya, Ramiru suke ce masa. Shekara uku suna cin abinci kwano ɗaya. Da zai koma ya bar masa kaset goma sha ɗaya.

"Shi ya ba ni labarin, ni ban je ba. Ya ce kakanninsu daga wagga nahiya tamu anka kwashe su cikin jirgin ruwa, bayi, anka kai su noman rake. Ba su tahi da komi ba sai abin da ke cikin hannunsu da ƙafarsu. Can sunka tarar da garayar mutanen Sifaniya, sunka tarar da sarewar 'yan ƙasa. Kowane gari da yadda ya dama nashi."

Ya sa kaset na farko. Wasu itatuwa biyu suna ƙwanƙwasar juna, uku, sannan biyu, ganguna suna gardama a ƙarƙashinsu.

"Wanga rumba, ta Kyuba. 'Yan dako na bakin jirgi sunka fara ta. In babu ganga, akwatin kifi suka bugawa. Ka ji itacen nan? Uku da biyu. Shi ne liman, kowa shi yaka bi." Ya canza kaset, ƙahoni suka ɓarke. "Wanga salsa. Jikan wancan ne da ya tahi birnin Amurka ya sa kwat. Ramiru ya ce ma'anar sunan miya, don komi an zuba ciki. Wanga kuwa merenge, na Daminika. Ji gudu, awa an koro ɓarawo. Gangarsu baki biyu gare ta irin taka, gula a hannu guda, tafi a guda."

"Baba," in ji Mas'ud, "jibi ne Alhamis."

Tsohon ya kashe rediyon.

"Na sani. Na so ka ji su ne don ka san naka ba ya cikinsu. Waɗancan tsalle suka so. Kumbiya ba ta tsalle, jan ƙafa ta ka yi, ta mutanen bakin kogi ce. Mata su riƙe kyandir, maza su bi su a hankali. Tashi ka rataya gangarka. Kai, in kana ma manoma kiɗi, yaushe gularka ka sauka?"

"In galma ta sauka."

"To nan ciwon yake. A cikin kumbiya akwai wata 'yar ganga, mai kira suka ce mata. Ba ta da aiki sai bugu guda, kuma ba ta yin shi sai ƙafa tana sama. Zan yi tahiya. In ƙafata ta taɓa ƙasa, kai shiru. In ta tashi, ka buga."

Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya tattare riga, ya soma ja da ƙafa a tsakar gida. Mas'ud ya buga daidai da saukar ƙafar.

"A'a."

Ya sake.

"A'a. Hannunka bawan galma ne. Shekara talatin tana aiken shi."

Har la'asar ana abu ɗaya. Mas'ud ya san abin da ake so, kansa ya gane sarai, amma da ƙafar tsohon ta nufo ƙasa sai hannunsa ya riga shi. Tun yana ɗan shekara goma ubansa ke make masa ƙeya in gula ta saɓa wa galma, don manomi in ka saɓa masa sai ƙugunsa ya riƙe. Yau abin da aka dake shi a kai shi ake so ya yi. Sau ɗaya ya jefar da gular ya dafe kai. Fuskar Sadiƙ ta zo masa, da yadda yake lumshe ido in kazagi ya yi daɗi. Ya tashi ya ɗauko ta.

A Dakko ya kwana. Ranar Laraba da safe tsohon ya sauya dabara. Ya ce ya daina kallon ƙafa, ya tuna ɗaga galmar, lokacin da manomi ke jan numfashi kafin ya sara. Mas'ud ya rufe ido. Ya ga layin manoma a gonar gayya, bayansu yana sheƙi, galmuna suna tashi sama gaba ɗaya. Ya sa tafinsa a wurin. Ya sake sawa. Bai ji "a'a" ba. Da ya buɗe ido, tsohon yana jan ƙafa yana zagaya darbejiya, hannu ɗaya a sama kamar mai riƙe da hula.

"Saura matsala guda," in ji Baba Murtala da ya zauna yana haki. "Wanga aikin mutum uku ne. Mai kira, mai babbar ganga, da mai kacau-kacau. Kana da wanda za shi bi ka?"

Mas'ud ya yi tunanin 'yan amshinsa ɗaya bayan ɗaya. Kowa da 'ya'ya. Ba zai ma tambaye su ba.

"Ni ɗaya ne."

Suka raba jikinsa uku. Tafin hagu ya zama mai kira, gula ta ɗauki babbar ganga, aka aro akayau wurin wani tsohon ɗan rawa aka ɗaura masa a ƙafar dama. Sarewa kuwa sai dai ya yi ta da baki, da fito. Kafin azahar abin ya fara kama da kiɗan wayar, in mutum ya tsaya nesa. Da zai tafi tsohon ya rako shi har bakin hanya, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba.

"Allah shi kai ka, shi komo da ku."

Ranar Alhamis da sassafe mutanen Maigida suka ɗauke shi a bayan Gidan Goga. Suka ɗaure masa ido da ƙyalle mai warin fetur, ganga a bayansa, akayau a aljihu yana ƙara duk inda babur ya faɗa rami. Ba wanda ya yi masa magana. Da aka kwance ƙyallen rana ta take tsaka, yana cikin wani fili tsakanin duwatsu. An yanka shanu, tukwane suna tafasa, babura sun fi hamsin a ƙarƙashin itatuwa. Ko'ina ya duba bindiga ce, a kafaɗa, a cinya, a jingine da tukunya. Ya nemi Sadiƙ da ido bai gan shi ba.

Maigidan yana zaune a kan kujerar roba. Mas'ud ya zaci zai ga ƙato. Ɗan siriri ne, bai kai shi shekaru ba, da tabarau da ƙaramar murya.

"Makaɗi, ka sha hanya. An ba ka ruwa?"

"An ba ni, ranka shi daɗe."

"Ka iya abin?"

"Na gwada."

"Ban ce ka gwada ba." Ya yi murmushi, na kusa da shi suka yi dariya. "Na tara mutane. Wancan da ka gani, daga nesa ya taho, ya ce babu makaɗin da za shi iya. Na ce ƙasarmu akwai. Kada ka sa shi yi man dariya."

Mas'ud ya durƙusa ya ɗaura akayau. Sau uku igiyar tana kuɓuce masa. Ya miƙe, ya rataya ganga, ya nemi yawun da zai yi fito da shi, bakinsa ya bushe ƙaƙas. Ya fara da ƙafa. Kacau, ka-ka-cau. Ya ɗaga tafi.

Tafin ya sauka tare da ƙafar.

Shi kaɗai ya san ya ɓata, na ɗan lokaci. Sai ya ga Maigidan ya karkata kai, murmushin ya ragu. Baƙon da aka nuna ya fara gyara zama yana duban na kusa da shi. Wani a bayansa ya sauke bindiga daga kafaɗa, Mas'ud ya ji ƙarar ƙarfen sarai. Bai tsaya ba, don in ya tsaya ya san ba zai iya sake farawa ba. Ya rufe ido, ya bar ƙafar tana tafiya, ya nemo gonar gayya. Da ƙyar ta zo. Galmuna suka tashi sama. Ya sa tafinsa a wurin, sau ɗaya, sau biyu, sau goma. Gula ta shigo da kanta. Fiton ya fito a shaƙe, sannan ya washe.

Bai san tsawon lokacin da ya yi ido rufe ba. Da ya buɗe, Maigidan yana tsakiyar fili, bindiga a hannu ɗaya a sama, yana jan ƙafa a ƙasa a hankali. Ba wanda ya koya masa, kiɗan ne ya nuna masa. Mutanensa suka biyo shi, layi guda, suna tayar da ƙura. Wasu suka harba sama. Duk harbi sai kafaɗar Mas'ud ta zabura, amma tafin bai bar wurinsa ba.

Maigidan ya zagayo ya tsaya a gabansa yana haki. Ya cire babbar rigarsa mai aiki ya yafa masa a kafaɗa. Mas'ud kuwa ya yi abin da ya saba yi wa duk manomin da ya yi masa kyauta a bainar jama'a: ya rusuna, ya buga godiya sau uku, bakinsa ya saki kirari kafin ya tuna inda yake. Fili ya ɗauki sowa.

Sai da ya ɗago ya gane abin da ya aikata. A gidansu an san wannan tun kaka da kakanni. In mutum ya yi rawa da kiɗa, ya yafa maka riga, ka karɓa ka yi masa kirari a gaban shaidu, kiɗan ya zama takensa, kai kuma ka zama makaɗinsa.

"Ku kawo ƙanen nai," in ji Maigidan.

Aka fito da Sadiƙ daga bayan wani dutse. Ya rame, leɓensa ya tsage, yana tafiya kamar ƙasa tana ƙona shi. Da ya ga wansa da riga a kafaɗa da akayau a ƙafa sai ya tsaya.

"Yaya."

"Hau babur, Sadiƙ."

"Na cika alkawari ko ban cika ba?" in ji Maigidan yana duban baƙinsa. Suka ce ya cika. Ya juyo. "Shi ya tahi gida. Kai ko, makaɗi, ina za ka da takena? Wa za shi buga man shi gobe?"

"Ranka shi daɗe, an ce in na buga..."

"An ce ƙanenka shi koma. Ga shi nan za shi koma."

Ba haka aka ce ba, amma Mas'ud ya dubi fuskokin da ke kewaye da shi ya haɗiye maganar. Sadiƙ ya buɗe baki zai yi magana, Mas'ud ya harare shi irin hararar da yake yi masa in kazagi ya yi gaggawa. Aka ɗaure wa Sadiƙ ido, aka ɗora shi bayan wani, babur ya tashi ya bi ta tsakanin duwatsu.

Bai ɓace ba tukuna wani dogo mai jan rawani ya matso ya sunkuya a kunnen Maigidan. Mas'ud yana kusa, ya tsinci kaɗan. Wai wancan ya kwana goma sha biyu a nan, ya san fuskoki, ya ji sunaye, bai kamata a bar shi ya isa gari ba. Maigidan ya cire tabarau yana goge shi da bakin taguwa, yana kallon hanyar da babur ya bi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Dogon ya ɗaga hannu ya yafito wasu mutum biyu da ke kusa da babura.

Mas'ud ya buga ƙafa a ƙasa. Kacau, ka-ka-cau. Ya sa tafi, ya sa gula, ya matso har gaban kujerar, ya kwarara kirarin da bai taɓa yi wa kowane sarkin noma irinsa ba. Maigidan ya juyo. Dogon ya ci gaba da magana, amma kafaɗar Maigidan ta riga ta fara motsi. Ya mayar da tabarau, ya ture dogon da gwiwar hannu, ya miƙe. Mutum biyun da aka yafito suka tsaya da hannu a kan babur suna jiran umarni. Muddin Maigidan yana rawa, babu mai bin bayan Sadiƙ.

Daga nan zuwa bakin hanyar Gidan Goga tafiya ce mai tsawo, Mas'ud bai san iyakarta ba, da ido a ɗaure ya yi ta. Ƙarar babur ɗin da ya ɗauki Sadiƙ ta yi nisa har ta ɓace. Igiyar akayau ta fara yanka masa idon sawu, tafinsa ya fashe, leɓensa ya daina fitar da fito sai iska. Dogon yana nan tsaye a bakin fili, hannu a ƙugu, yana jiran ganga ta yi shiru. Mas'ud ya kawar da ido daga kansa, ya dubi ƙafar Maigidan, ya jira ta tashi, ya buga.